Tsara Na'urar Kiristal Mai Rarrabe Hasken Eksire: Daga Ina Ake Farawa?

Na'urar da William Henry Bragg ya haɗa a Jami'ar Leeds ta Ingila a 1913 sassa uku gare ta: kwalbar da ke fitar da hasken eksire, ƙwayar kiristal da aka ɗora a kan faifai mai juyawa, sai wani bututu mai iskar gas da ke auna yawan hasken da kiristal ɗin ya maido. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, amma duk na'urar da ake kira sifektiromitar kiristal, a ɗakin gwajin masana'antar siminti take ko a jikin tukunyar binciken nukiliya, waɗannan sassa uku ne ginshiƙinta. Abin da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kai shi ne inda za a ajiye kowanne, wane kiristal za a sa, a miƙe za a bar shi ko a lanƙwashe, in kuma lanƙwasawa za a yi, ta wace fuska. Aikin mai tsarawa ke nan. A ganina mutane da yawa suna shiga aikin ta bayan gida: suna fara tambayar wace na'ura ce ta fi kowace kaifi, alhali tambayar da ta kamata ta zo da fari ita ce me ake so a gani.

Tushen abin shi ne, kowane sinadari, in aka buge shi da ilektaron ko da wani hasken eksire mai ƙarfi, yakan fitar da hasken eksire nasa na kansa, mai tsawon zango da babu wani sinadarin da ke da irinsa. Baƙin ƙarfe yana da layi a angistiram 1.94, jan ƙarfe a 1.54. Angistiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita. Gilashi ba ya iya karkatar da irin wannan haske yadda yake yi wa hasken rana, sai dai hasken ya ratsa shi ko ya nutse a ciki. A 1912, a birnin Munik na Jamus, Max von Laue da Walter Friedrich da Paul Knipping suka nuna cewa kiristal yana iyawa, domin atam-atam ɗinsa a jere suke falle-falle, kuma tazarar da ke tsakanin falle da falle ta yi daidai da tsawon zangon hasken. Ɗan Bragg, wato Lawrence, shi ya taƙaita al'amarin a lissafi guda: nλ = 2d sin θ. A nan λ tsawon zango ne, d tazarar falle, θ kusurwar da hasken ya faɗo a kai, n kuma cikakkiyar lamba, ɗaya ko biyu ko uku. Ma'anarsa, a kowace kusurwa zango guda kiristal zai maido, ya haɗiye sauran. Uba da ɗa suka karɓi kyautar Nobel tare a 1915, ɗan yana da shekara 25. Henry Moseley kuwa, wanda ya yi amfani da wannan dabara a 1913 da 1914 ya jera sinadarai bisa lambarsu har ya nuna gurabe huɗu da ba a gano masu su ba tukuna, wato 43 da 61 da 72 da 75, harsashi ne ya kashe shi a yaƙin Galifoli a 1915 yana da shekara 27.

Wanda ya saba murɗa rediyo a gajeren zango ya san abin da ake nufi da kaifi. Tasha biyu na kusa da juna, rediyo mai kyau ya ware maka su, maras kyau ya cakuɗa muryoyin. Juya kiristal shi ne murɗawar, layukan sinadarai su ne tashoshin.

Zaɓen kiristal shi ne hukunci na farko, kuma lissafin Bragg da kansa ya gindaya iyaka. Tunda sin θ ba ya wuce ɗaya, babu kiristal ɗin da zai maido zangon da ya fi 2d nasa tsawo. Litiyam fulorayid, wanda masu aikin ke kira LiF, 2d nasa angistiram 4.03 ne. Yana maido layin baƙin ƙarfe a kusurwar digiri 28.7, na jan ƙarfe a 22.5, kuma shi ne dokin aikin masu auna ƙarafa. Amma layin farar wuta yana 5.37, don haka LiF ba ya ganinsa sam. Sai a koma ga kiristal ɗin PET mai 8.74, ko jamaniyum mai 6.53. In aka sauko ga sodiyam mai zango 11.9 sai TAP mai 25.75. Kabon kuwa, mai zango 44.7, ya fi ƙarfin waɗannan duka, sai an ƙera masa kiristal na hannu, a shimfiɗa falle mai nauyi da falle maras nauyi bi-da-bi, kamar tangistan da silikon, har a sami tazarar da ake so. Shi ya sa na'urar da ke ɗakin gwaji takan zo da kiristal da yawa a kan abin juyawa, wannan ya gama nasa ya ba wancan wuri.

Akwai wata damuwa a cikin harafin n. A kusurwa ɗaya, kiristal na iya maido zangon da kake nema, ya haɗo da wani mai rabin tsawonsa, da wani mai sulusinsa. Baƙon layi ya zauna a kan naka, ka ɗauka sinadarinka ne ya yi yawa. Hanya biyu ake bi. Ko dai a sa ditekta mai iya bambance ƙarfin kowane ɗigon haske ta watsar da waɗanda suka ninka, ko kuma a zaɓi fuskar silikon ko jamaniyum da ake kira 111, wadda tsarin atam ɗinta da kansa yake kashe ninki na biyu. Wannan dabara ta biyu tana burge ni, domin maganin matsalar yana cikin halittar kiristal ɗin, mai tsarawa ya san da shi ne kawai ya yi amfani da shi.

Yanzu ga inda ciniki yake. Kiristal cikakke, irin silikon da masana'antun kwamfuta ke samarwa babu aibi ko ɗaya, ƙofarsa ƙunci gare ta. A layin jan ƙarfe, fuskarsa ta 111 tana karɓar haske ne a cikin faɗin kusurwar da bai wuce kashi biyu cikin dubu na digiri ɗaya ba. Wannan yana ba da kaifin kusan eV ɗaya a cikin eV 8,000 (eV ma'aunin ƙarfin ɗigon haske ne), amma duk hasken da ya goce daga wannan siririyar ƙofa asara ne. Girafayit da aka sarrafa, wanda ƙananan gutsattsari ne kowanne ya ɗan karkata daga ɗan'uwansa, ƙofarsa ta kai kusan digiri 0.4. Haske yana kwararowa, kaifi ya tafi. Har ma akan goge fuskar LiF da gangan, a ɗan ɓata ta, don ta ƙara karɓar haske. Mutumin da bai san aikin ba zai ce ɓarna ce. Wanda ke jiran ƙidayar sinadarin da bai wuce kashi goma cikin miliyan ba a cikin dutse, ya san cewa layi mai kaifi da ba ya fitowa daga hayaniyar baya ba shi da amfani. Taura biyu ba ta taunuwa, a nan ma taura uku ce: kaifi, yawan haske, da faɗin zangon da na'ura ke ɗauka a lokaci guda. Duk tsarin da aka taɓa ƙirƙira, in ka bincika, za ka tarar ya sayar da ɗaya ne ya sayi wani.

Kusurwa ita kanta tana da farashi, kuma wannan shi ne lissafin da nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa. Ɓatan kaifi daidai yake da rashin tabbas na kusurwa a raba da tan θ. A ɗauka tushen hasken faɗinsa milimita ɗaya ne, kiristal yana nisan mita ɗaya. Kiristal zai ga tushen da faɗin kusurwa kashi ɗaya cikin dubu na radiyan. In ana aiki a digiri 30, a layin eV 8,000, wannan kaɗai zai baza layin ya kai eV 14. In aka nemi wata fuskar kiristal da za ta kai aikin digiri 85, inda hasken ke komawa kusan ta inda ya fito, bazuwar ta sauka zuwa eV 0.7. Ribar ninki ashirin, ba a canza tushe ba, ba a canza nisa ba. Kuɗin da ake biya shi ne, a can saman kusurwa juyawa mai yawa ba ta sauya zango sai ɗan kaɗan, don haka kiristal guda sinadari ɗaya ko biyu yake yi wa hidima. Masu irin wannan na'ura sukan tara kiristal a akwati, na manganis daban, na baƙin ƙarfe daban, na nikel daban.

Kiristal a miƙe yana da sauƙin yi, amma daga tushe guda ɗan siririn yanki ne na fuskarsa ke cika sharaɗin Bragg. Idan samfurin babba ne, kamar ƙwayar garin siminti da aka matse, ana sa jerin faranti sirara a layi ɗaya, waɗanda Walter Soller ya fito da su a 1924, su bar hasken da ya miƙe kawai ya wuce. Wannan tsari ne ke cikin yawancin na'urorin masana'antu, kuma yana aiki. Idan samfurin ɗigo ne, kamar inda ilektaron ya sauka a kan ƙwayar ma'adini mai faɗin maikiron ɗaya, dole a lanƙwasa.

Dabarar ta samo asali daga Henry Rowland na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wanda a 1882 ya nuna cewa in an ajiye tushe da abin rarrabewa da wurin kama haske a kan da'ira guda, hasken zai taru wuri ɗaya. Har yau da'irar Rowland ake ce mata. A 1931 H. H. Johann ya lanƙwasa kiristal yadda rabin faɗin lanƙwasarsa ya yi daidai da cikakken faɗin da'irar. Wannan ya sa fallayen suka fuskanci inda ya kamata, sai dai fuskar kiristal ɗin tsakiyarta kaɗai ke taɓa da'irar, gefe da gefe sun ɗaga. Hasken da ya faɗa a gefe yana zuwa da 'yar kusurwa daban, layin ya ja wutsiya ta ɓangare guda. A 1933 Tryggve Johansson ya kawo gyara: a lanƙwasa kamar na Johann, sannan a wasa fuskar har ta kwanta a jikin da'irar daga baki zuwa baki. A takarda tsarin Johansson ya fi, babu tantama. A hannun maƙeri kuwa, wasa kiristal siriri ba tare da an ji masa rauni ba aiki ne mai wuya da tsada. Tunda kuskuren Johann yana raguwa sosai in kusurwa ta kusanci digiri 90, masu neman kaifi sukan zauna a kan Johann su haye saman kusurwa, masu son yawo a faɗin zango su biya kuɗin Johansson. Raimond Castaing, a aikin digirinsa na 1951 a Faris, ya haɗa lanƙwasasshen kiristal da siririn harbin ilektaron, ya haifar da na'urar da masana duwatsu ke dogaro da ita har yanzu. Na zamani sukan ɗauki sifektiromita har biyar a kewayen samfuri guda, kowace da da'ira mai rabin faɗin milimita 140 ko 160.

Lanƙwasawa ba kyauta ba ce. Kiristal in ya lanƙwashe, fallayen da ke ta waje sun miƙe, na ciki sun matsu, d ya daina zama ɗaya. Kaifin da aka sayi silikon dominsa ya fara zubewa. Don haka in ana neman kaifi na ƙarshe, akan yanka silikon ɗin ƙananan murabba'i dubbai, a manna su a kan kwano mai lanƙwasa, kowane guntu a miƙe yake amma jimillarsu ta ba da siffar da ake so. Wasu kuma sukan tsaga shi dogaye-dogaye don a rage matsi ta fuska ɗaya.

Sauran tsare-tsare biyu sun fito ne a shekarun Johann da Johansson. Yvette Cauchois a Faris, a 1932, ta sa hasken ya ratsa ta cikin siririn kiristal maimakon ya dawo daga fuskarsa, wanda shi ne mafita ga haske mai ƙarfi da kusurwarsa ke da ƙanƙanta ainun. László von Hámos, a 1933, ya lanƙwasa kiristal kamar guntun bututu, ya ajiye tushe da wurin kama haske a kan layin tsakiyar bututun. Kowane zango ya taru a wurinsa a jikin wannan layi, duk a lokaci guda, babu abin da ke motsi. Shekaru da yawa tsarinsa yana gefe, domin kowane layi rabonsa na haske kaɗan ne. Sai ga ditektoci masu ƙananan idanu dubbai, irin PILATUS da aka ƙirƙira a Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan, sai kuma ga lesar eksire ta Stanford da ta fara aiki a 2009, wadda walƙiyarta ke tarwatsa samfuri tun kafin a juya komai. A irin wannan wuri na'urar da ke bi layi-layi ba ta da aikin yi. Aka jera kiristal 16 a tsarin von Hámos, aka kalli halin manganis ɗin da ke cikin furotin da tsirrai ke fasa ruwa da shi su fitar da iskar oksijin. Tsari mai shekara tamanin ya zama shi ne kaɗai mafita, saboda tambayar ta canza.

Zafi abokin gaba ne da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. A tukwanen haɗa nukiliya irin tokamak, ana ɗura 'yar iskar agon, a kalli layukanta na kusa da angistiram 3.95 da kiristal mai siffar kwano, tsarin da Manfred Bitter da Kenneth Hill na Princeton suka inganta. Faɗin layin yana nuna zafin abin da ke cikin tukunyar, gocewarsa kuma tana nuna saurin juyawarsa. To, kwaz, wanda ake yin kiristal ɗin da shi, yana buɗewa da kimanin kashi ɗaya cikin 100,000 a kowane digiri ɗaya na zafi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka ɗumin digiri ɗaya a jikin kiristal zai bayyana kamar gudun kilomita uku a daƙiƙa wanda babu shi. PET ya fi kwaz buɗewa nesa ba kusa ba. Duk mai shirin ajiye irin wannan na'ura a ƙasa mai zafi da wutar lantarki mai ɗaukewa, ya sa kuɗin daidaita zafin ɗaki a cikin kuɗin na'urar tun ranar farko. Haka batun iska: haske maras ƙarfi irin na sodiyam ko aluminiyam iskar ɗaki tana shanye shi a 'yan santimitoci, sai an zuƙe ta ko an maye gurbinta da hiliyam.

Mai karatu zai iya cewa, ai akwai ditektar silikon da ke karanta duk layuka kai tsaye babu kiristal, me ya sa ake wannan wahala? Amsar tana cikin lambobi. Ditekta mafi kyau kaifinta kusan eV 125 ne a layin manganis, kuma yanayin silikon ɗin ne ya tsayar da ita nan. Ɗauki galina, ma'adinin dalma da farar wuta. Layin farar wuta yana eV 2,308, wani layin dalma yana 2,346. Ditekta tudu guda take nunawa. A kan PET kuwa ɗaya yana digiri 37.9, ɗayan yana 37.2, kowa da gidansa. Amma kiristal ma yana da iyaka: babban layin asenik da na dalma, a wajen eV 10,550, tazararsu ba ta kai eV goma ba, kuma masu aikin ba sa ɓata lokaci a kansu, sai su koma ga layi na biyu na kowanne. Akwai kuma sabuwar kishiya, ditekta mai auna ɗumin kowane ɗigon haske, irin wadda ke cikin tauraron XRISM da Japan ta harba a 2023, mai kaifin kusan eV biyar. Sai dai tana aiki ne a sanyin da bai wuce kashi biyar cikin ɗari na digiri ɗaya ba daga ƙarshen sanyi, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne zai iya riƙe ta ba.

Misali biyu daga gida sun isa su nuna abin da nake nufi da farawa daga tambaya. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, tambayar ita ce dalma nawa ne a ƙasar wannan tsakar gida, kuma ana son amsar a yau. Na'urar hannu mai ditektar silikon, babu kiristal a cikinta, da ita aka bi gida-gida, kuma ita ce daidai. Na'ura mai kaifin eV ɗaya da ke zaune a wani birni da ba ta ceci kowa ba. Ruwan da ke fita daga masana'antun jima na Kano kuwa wata tambaya yake ɗauke da ita. An san akwai kuromiyam a ciki, tunda da shi ake jimar zamani. Abin da lafiyar jama'a ke buƙatar sani shi ne wane iri: mai caji uku da ake jima da shi, ko mai caji shida da ke haddasa ciwon daji. Bambancinsu a layin eksire ɗan gocewa ne da sauyin siffa a ma'aunin eV ɗaya ko ƙasa da haka. Na'urar hannu jimilla kawai za ta faɗa. A fannin eksire, kiristal a saman kusurwa ne ke raba su.

A da, irin wannan awo sai an je sinkirotiron, katafaren zoben da ke samar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi. Babu ko ɗaya a duk nahiyar Afirka. Na Gabas ta Tsakiya, SESAME, a Jodan yake, an buɗe shi a 2017. Masanan Afirka sun fara taron neman nasu a 2015, kuma buri ne mai kyau, amma na shekaru ne masu yawa da kuɗi masu nauyi. A halin da ake ciki, a 2014 Gerald Seidler da abokan aikinsa a Jami'ar Washington sun nuna cewa ƙaramar kwalbar eksire, da kiristal mai siffar kwano guda ɗaya, da da'irar Rowland mai faɗin mita ɗaya, suna ba da kaifin da ya kusanci na sinkirotiron a ayyuka da yawa, in mutum zai yi haƙurin sa'o'i maimakon mintoci. Babu sabon ilimi a ciki, Johann ne na 1931 da kayan zamani. Har an gwada irinta wajen bambance kuromiyam mai caji shida.

Wannan na'ura tana zama a kan teburi. Kiristal da ditekta da kwalba sai an sayo, amma lissafin kusurwa, da tsarin motsi, da garkuwar kare mutane daga hasken, da manhajar sarrafawa, duk aiki ne da sashen fiziya da na injiniya na jami'a guda za su iya yi tare, kuma ɗaliban da suka yi shi za su san gyaransa ranar da ya tsaya. Ina kira ga jami'o'inmu da cibiyoyin binciken makamashi da na ma'adinai, kafin su rubuta takardar sayen wata babbar na'ura a rufe, su zauna su rubuta layukan da suke so su raba da tazarar da ke tsakaninsu, sannan su ba wa rukunin ɗalibai guda kuɗi da lokaci su ƙera sifektiromitar kiristal ta mita ɗaya.